Neman shawara: yaya zan yi da masu iyo a inda nake jefa fatsa?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina zaune ne a Bradford ta ƙasar Ingila, kuma shekara biyu ke nan ina koyon kamun kifi da fatsar ƙwaro, wato wadda ake ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta ta sauka a kan ruwa. Nakan je Kogin Wharfe, kusa da garin Ilkley. Asabar da ta wuce na shiga ruwa da hantsi, na yi kusan sa'a guda ina lallaɓar wani kifin tirawut da ke tasowa a inuwar bishiya, sai ga matasa sun zo sun faɗa ruwan, kifin ya ɓace. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da na ja zaren baya domin in sake wurgawa, saura kaɗan ƙugiyar ta kama kunnen wani yaro da ban san ya tsaya a bayana ba. Na biya kuɗin lasisi, na kuma biya na izinin wuni, su kuwa ba su biya ko sisi ba. Shin in yi musu magana ne, ko in haƙura da kogin har zafi ya wuce?

Amsa daga wani dattijo a Leeds:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara gode wa Allah da ƙugiyar ba ta taɓa yaron nan ba, domin wanda yake wurgawa shi ne ke da alhakin duba bayansa, ba mai wucewa ba. Sannan ka san inda ka zaɓa. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ayyana wani yanki na Wharfe a Ilkley a matsayin wurin wanka na hukuma, kuma shi ne kogi na farko da ya sami wannan matsayi a Ingila, saboda haka duk ranar da rana ta fito za ka tarar da jama'a. Lasisin Hukumar Kula da Muhalli ya ba ka damar riƙe sandar kamun kifi, izinin wuni ya ba ka damar kamawa a wannan gaɓar, amma babu ɗayansu da ya naɗa ka Sarkin Ruwa.

Shawarata ita ce ka sauya lokaci. A watan Yuni rana tana fitowa a nan kafin ƙarfe 5, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Mu da muke tashi sallar Asuba mun riga kowa, domin kana idarwa ka kama hanya, ka sami sa'a uku kai kaɗai kafin masu iyo su karya kumallo. Ko da babu kowa a kogin ma, tsakar ranar bazara ba lokacin tirawut ba ne. Ruwa idan ya yi ɗumi iskar da kifi ke shaƙa takan ragu a cikinsa, kuma da zarar ya kai wajen digiri 20 a ma'aunin Selshiyos, kifin da ka wahalar sannan ka saki zai iya mutuwa bayan ka tafi. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka riƙa sa shi a aljihu.

Amsa daga wata 'yar uwa:
Malam, ni ina cikin waɗanda kake kuka da su, domin nakan kai yarana wanka a kogi idan an yi hutun makaranta. Yawancinmu ba mu san cewa zarenku yana tafiya baya da nisa kamar yadda yake zuwa gaba ba. Da za ka ɗaga hannu ka yi sallama, ka nuna mana inda kake wurgawa, da mun matsa ba tare da wata gardama ba. Roƙona ɗaya shi ne ku daina barin tsinkakken zare da ƙugiya a gaɓa, saboda yara ba takalmi suke shiga ruwa.

Amsa daga wani ɗalibi:
Yaya, ban yarda ka bar kogin gaba ɗaya ba. Masu iyo sukan taru ne a wuri mai zurfi da ke kusa da inda ake ajiye mota, alhali tirawut a lokacin zafi ya fi son inda ruwa ke gudu a kan duwatsu. Tafiyar minti goma sha biyar zuwa sama takan raba ka da su, sai dai ka tabbatar izininka ya kai wurin. Ka kuma sa filaya ka danne ƙayar ƙugiyarka, domin idan tsautsayi ya sa ta shiga fatar mutum ta fita da sauƙi.

Mai tambaya:
Na gode muku ƙwarai. Hajiya, na karɓi gyara, domin ranar nan ko sallama ban yi musu ba, fuska kawai na ɗaure. Baba, in Allah ya yarda Asabar mai zuwa daga masallaci zan wuce kogin, zan kuma dawo in faɗa muku abin da ma'aunin ya nuna.