Tambaya a kan ruwan da ke jan mutum a gaɓar tekun Zanzibar

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san teku, domin in Allah ya yarda ni da iyalina za mu yi mako guda a Zanzibar cikin watan Agusta, kuma masaukin da muka kama yana Paje, a gabashin tsibirin Unguja. Na iya ninƙaya gwargwado, amma duk iyawata a ruwan dam na koye ta, ban taɓa shiga teku ba, yarana biyu kuwa ba su wuce wasa a wurin wanka na otal ba. An gaya mini cewa akwai katangar duwatsun murjani a can nesa da gaɓa wadda take tare raƙuman ruwa, saboda haka ruwan da ke tsakaninta da rairayi a kwance yake kamar tafki. Sai kuma wani abokina ya ce a irin wannan wuri ne ruwa yake jan mutum ya fitar da shi tsakiyar teku. Ta yaya ruwan da aka tare zai ja mutum, kuma da wace alama baƙo zai gane wurin da bai kamata ya shiga ba?

Malamin Jogirafi:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma abu ɗaya ne ya haife su. Raƙuman ruwan Tekun Indiya suna fashewa a kan katangar murjanin, ƙarfinsu ya karye, amma ruwan da suka ɗauko yana tsallakowa ya taru a ciki, kuma dole ne ya nemi hanyar komawa. Ka duba yadda ruwan sama yake cika tsakar gida sannan ya tattaru ya fita da ƙarfi ta rariya ɗaya. To giɓin da ke jikin katangar shi ne rariyar, kuma duk abin da ke kusa da bakinsa, mutum ne ko kwale-kwale, ruwan zai tafi da shi.

Yawanci gudun irin wannan ruwa bai wuce rabin mita a daƙiƙa ba, amma an auna wanda ya kai kusan mita 2.5, wato ya zarce saurin gwanayen ninƙaya na gasar Olamfik. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, shi ne sanadin fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓoɓin da ke da raƙuman ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake yaudarar ido, domin inda ka ga farin kumfa yana tashi dama da hagu, a tsakiya kuma ga wani zirin ruwa mai duhu, shiru, babu fashewar komai, nan ne baƙo yake zaɓa don ya ga kamar ya fi lafiya, alhali nan ne mashigar, wato giɓin da ruwan yake fita ta cikinsa. Idan ka tsaya a tudu na 'yan mintoci za ka ga kumfa da ciyawar teku suna bin zirin suna yin waje. Ba ya danna mutum ƙasa, nisanta shi kawai yake yi da gaɓa; firgici da gajiyar kokawa da shi su ne suke nutsar da mutane. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce mutum ya daina fuskantar gaɓa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga zirin.

Ɗan Yawuri:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ina da gyara a kan shawarar ƙarshe, domin an fi gina ta a kan gaɓar rairayi zalla. A bakin mashigar murjani, wanda ya yi iyo a gicciye yana iya faɗawa daidai inda raƙuman suke fashewa a kan dutse mai kaifi, kuma yankan murjani yana saurin ruruwa idan ba a wanke shi sosai ba. Idan ruwan ya riga ya shigar da mutum cikin mashigar, gara ya kwanta rigingine, ya riƙe numfashinsa daidai, ya ɗaga hannu ɗaya yana neman taimako, domin ƙarfin jan yana raguwa da zarar an wuce katangar.

Ni a Kogin Kwara na tashi, kuma na je Jambiani, wani ƙauye kudu da Paje, da tunanin babu ruwan da zai ba ni tsoro. Abin da ya kusa halaka ni shi ne dawowar teku. A wannan gaɓa ruwa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, a wasu wuraren fiye da kilomita guda, har ka ga mata suna aiki a gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke kira mwani, ruwa iya idon sawu. Na bi sawun masu kamun dabbar tekun nan mai hannuwa takwas na nufi katangar, ban lura sun juya gida ba. Da na waiwaya, wani kwari da na ƙetare ruwa iya gwiwa ya koma iya ƙirji, yana gudu a gicciye kamar kogi da damina, ga ƙayoyin bushiyar teku a ƙasa, ni kuma silifas ne a ƙafata. Wani dattijo mai ƙaramin jirgin da suke kira ngalawa ne ya ɗauke ni, yana ta maimaita "maji yanajaa", wato ruwa yana cika. Tun daga ranar, kafin na taka rairayi sai na tambayi masunta lokacin cika da lokacin janyewa, kuma idan na ga sun nufo gaɓa nima na biyo su.

Maman Sadiƙ:

Baban Hanifa, tun da da iyali za ka je, bari na ƙara abin da ya shafi lokaci da sutura. Tsakanin cikar teku da janyewarta awa shida ne da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50, saboda haka abin da ka gani jiya da hantsi ba shi za ka tarar yau ba. Lissafin watan Musulunci zai taimake ka ƙwarai, domin a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata ne tazarar cika da janyewa take fin girma, a Zanzibar tana kusantar mita 4, kuma a lokacin ne ruwan da ke fita ta mashigai ya fi ƙarfi, musamman sa'ad da teku take janyewa. Agusta kuma lokacin iskar kusi ce, wadda take busowa daga kudu maso gabas ta doki wannan gaɓa, shi ya sa Paje take cika da masu wasan lilo da iska a kan ruwa, kuma ƙarin raƙuman ruwa ƙarin ja ne.

Game da matarka da 'yarka, doguwar riga da hijabi mai faɗi idan suka jiƙe suna naɗe ƙafafu da hannaye, na ji wannan a jikina ruwa bai kai mini ƙugu ba. A nemi kayan wanka masu rufe jiki waɗanda aka ɗinka don ruwa, da takalman roba masu rufe yatsu. Kada a dogara da balan-balan ɗin da ake hura wa yara, iska kaɗai tana iya tafiya da su. Rigar ceto mai maɗauri ita ce abin sa wa yaro. Yawancin gaɓar ba ta da masu gadin ceto, don haka idonka ne gadin.

Baban Hanifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kalanda, na ga kwana biyu na zamanmu za su faɗa a tsakiyar wata, saboda haka a ranakun za mu tsaya a rairayi mu yi kallo. Ɗan Yawuri, ina da sauran tambaya: an ce a Kendwa, can arewacin tsibirin, ruwa ba ya janyewa da nisa kamar na gabas, shin idan ina son yaran su shiga ruwa, ya fi dacewa na kai su can?