Wane suna za mu raɗa wa "kalifa" ta birkin mota?

Kalmar birki ta daɗe da zama 'yar gida, haka ma man birki da birkin hannu, amma da zarar an kwance taya aka leƙa ciki, sai ka ji bakanike ya koma cewa "masta" da "fad" da "kalifa". Ina so mu tsaya a kan ta ƙarshen, domin a rubuce mai karatu yana iya ɗaukarta halifa.

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura fistin da ke cikin masta, wato famfon man birki, shi kuma ya tunkuɗa mai ta siraran bututai zuwa ƙafafun motar. Da yake mai ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfin yakan isa kowace taya, bisa ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17. A bayan tayar akwai faifan ƙarfe mai juyawa tare da ita, kalifa kuwa tana bisa bakinsa, riƙe da fad biyu, wato faranta masu gogar faifan, ɗaya ta kowane gefe. Da man ya iso sai ta matse faifan a tsakaninsu, gogayya ta mayar da gudun motar zafi. Zafin ba kaɗan ba ne, shi ya sa aka shardanta cewa sabon mai nau'in DOT 4 kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyos.

Wani ya kawo shawarar "awartakin birki", kuma hoton ya yi kyau, domin duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda awartaki ke cafke ƙarfen da ya yi ja a wuta. Sai dai awartaki yana da mariƙa biyu, kuma aikinsa ɗauka da juyawa, alhali kalifa ba ta ɗaukar komai. Faransanci ya kira ta likkafa, Jamusanci kuma sirdin birki, duka biyun sun bi siffa ne suka bar aiki.

Ni na fi karkata ga "mamatsin birki", a kan tsarin da ya ba mu mabuɗi da magirbi da madubi, inda sunan kayan aiki ke fitowa daga aikinsa. Wanda bai taɓa ganinsa ba zai gane cewa matsewa yake yi.

Saura fad. Ban yarda a kira shi takalmin birki ba, domin takalmi na birkin ganga ne, wanda ke buɗewa ya danni gangar daga ciki. Ina son jin abin da kanikawan Kano da na Maraɗi ke ce masa a bakin aiki.