Haɗin mai da khal na salak: ku faɗo yadda taku ta kaya

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Sau uku ke nan ina haɗa binigiret, wato haɗin mai da khal ɗin nan da Faransawa suka yi fice da shi, kuma babu wanda ya yi mini daidai. Na farko tsami ya kashe mini haƙora. Na biyu kafin in kai shi tebur man ya taso sama, khal ya kwanta a ƙasa. Na uku kuwa gishiri na ƙaras-ƙaras a baki. Waɗanda suka daɗe suna yi, don Allah a taimaka.

Anti Babba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ta gishirin zan fara, don ni ma ya daɗe yana ba ni wahala. Gishiri ba ya narkewa a cikin mai. Ki zuba shi a khal tukuna, ki juya har ki daina jin shi a ƙasan cokali, sannan mai ya biyo baya. Awon da aka saba shi ne cokali 3 na mai, cokali 1 na khal. Amma yawancin khal na girki tsaminsa kusan kashi 5 cikin 100 ne, wani ya ɗan fi haka, don haka ki ɗanɗana. Kuma kada ki ɗanɗana da cokali, zai yi miki ƙarya. Tsoma ganyen latas ɗaya ki ci.

Mai Kwalba: Ni na huta da bugawa a kwano. Kwalba mai murfi nake samu, in zuba komai, in rufe gam, in girgiza kamar sau 20. Rabuwar da kika gani ba laifinki ba ne, mai da ruwa ba sa ga maciji. Abin da ke riƙe su shi ne mastad, wato wani kayan ɗanɗano mai kauri da ɗan yaji da ake sayarwa a kwalba, rabin ƙaramin cokali ya isa, musamman irin na Faransa da ake kira Dijon. Ranar da na fara sakawa na tsaya ina kallon kwalbar: haɗin ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, mai kauri, yana bin jikin gilashin a hankali, har muka gama cin abinci bai rabu ba.

Ɗan Gwauro: Ni bilenda ta cuce ni. Na zuba man zaitun mai kyau, na tatsar farko, na kunna, sai ga shi ya fito da ɗaci. Tun daga nan da hannu nake yi.

Anti Babba: Haka ne ɗana, irin wannan man ba ya son bugun inji. Wani abin da ya fi ba ni takaici shi ne jiƙaƙƙen ganye. Wata rana ina sauri, baƙi na zaune, na wanke latas na zuba haɗin ban tsane shi ba. Duk ya zame ya taru a gindin kwano, ganyen lami. Yanzu sai na shimfiɗa shi a kan tawul mai tsabta ya bushe, kuma ba na zubawa sai an zauna ci, don cikin 'yan mintuna ganyen ke yin laushi.

Maman 'Yan Makaranta: Yarana ba sa son kaifin khal, sai nake raba shi da lemon tsami, in ɗiga zuma kaɗan. Albasa kuma ina yanka ta ƙanana in jiƙa a khal ɗin minti 10, zafinta ya kwanta. Sai dai a kula da ɗanyar tafarnuwa: in ta shiga mai, firji za a sa shi, a cinye cikin kwana 3 ko 4, don ajiye ta a mai a waje na iya jawo guba mai haɗari.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri. Na gwada jiya da kwalba da mastad, kwanon ya dawo wayam. Sai dai ragowar da na sa a firji ya daskare, ya yi gudaji-gudaji. Ya lalace ke nan?

Mai Kwalba: Bai lalace ba, halin man zaitun ne in ya ji sanyi. Fito da shi minti 15 kafin ci, ki sake girgizawa.