Farfelar kabon faiba a hanyar burji: a gyara ko a cire?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da BMW 335i ta 2008, an ɗan taɓa mata kwamfuta don ƙarin ƙarfi. Yayana da ke Dubai ya aiko min farfela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta kabon faiba, guda ɗaya miƙaƙƙiya, ba mai gaɓa biyu irin ta kamfani ba. Da farko abin sai wanda ya gani, da hannu ɗaya ake ɗaga ta, mota kuma tana amsa totur nan take. To yanzu in na hau titin Ringim zuwa Gujungu, maleji na wuce 100 sai kujera ta ɗau karkarwa, in zan tashi daga tsaye kuma ina jin "ƙas" daga ƙasa. Gidanmu ba a bakin kwalta yake ba, sai na bi burji. Mai waldan garinmu ya ce in kawo ya ɗana mata wuta. In kai?

Oga Bakanike, Wudil:
Wa alaikumus salam. Kul, yarona! Wannan ba ƙarfe ba ce, zare ne aka naɗe aka daskarar da shi da gam, bakunan biyu na alminiyam su ma da gam aka liƙa su. Wuta na taɓa ta ka gama da ita.

Hau da motar kan rami. Duba daidai inda baƙin bututun ya haɗu da farin bakin, ka ja layi da fenti ya ratsa su biyun, ka ɗan zaga gari ka dawo. In layin ya goce, gam ya saki, kuma shi ne "ƙas" ɗin nan. Sannan ka bi jikinta da ƙaramin sifana kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wuri mai lafiya ƙara yake yi tas, inda tsakuwa ta daka zaren ya rabu daga ciki sai ka ji "dum". Ka dubi gefen salansa ma. Irin waɗannan sun fi ta kamfani kauri, sau da yawa masu ɗaurawa kan cire farantin da ke tare zafi don ta samu wuri, zafin kuma shi ke cin gam ɗin.

Abban Hadeja:
Oga, a yi wa kabon adalci dai. Nissan 350Z da Mazda RX-8 mai giyar hannu da ita suka fito daga kamfani, haka BMW M3 ta 2014, sai a ƙarshen 2017 BMW suka mayar wa M3 ɗin ta ƙarfe don sama wa matatar hayaƙi wuri. Ɗan'uwa, karkarwa ba lallai daga gam ba ne. Ka fara duba robar da ke tsakanin giyabos da farfela, da mazaunin giyabos, da ko notuna sun ɗauru daidai.

Oga Bakanike, Wudil:
Gaskiyarka Abba, a duba su. Amma waɗancan da ka lissafa, tare da motar aka auna su, an bar musu tazara da kariya. Ta kasuwa fa? Kuma in ta ƙarfe ta lanƙwashe, a Ƙofar Ruwa za a samo wata ko a canja mata boris ɗin tsakiya kafin la'asar. Wannan in ta tsage babu mai ɗinke ta a Kano, sai dai a sake aikowa daga waje. Motar da ke kwana a ƙauye, ga burji ga zaizayar damina, ni ta kamfani zan mayar mata.

Ɗan Taura:
Na gode Oga, Allah ya ƙara girma. Mun leƙa da yamma, farantin zafin babu shi, kuma akwai wani ɗan wuri kusa da bakin baya da zare ya tashi kamar gashin burushi. Tsohuwar farfelar tana nan a ɗaki, boris ɗinta ne kawai ya mutu. In na taho Wudil ranar Juma'a a hankali, za ta kai, ko in nemi mai ja?

Oga Bakanike, Wudil:
Tunda zare ya tashi, kar ka tayar da ita. Juma'a ranar kasuwa ce, titi cike yake da manyan motocin shanu. Ɗauko tsohuwar a motar haya mu sa mata boris, in haɗa ka da yarona ya je can ya ɗaura.