Muhawara: Gina Wa Gajiyayyu Gida, Ko Raba Baiko Hannu Da Hannu?

Ɗanku a Ingila: Baba Dattijo, Mama, barkanmu da war haka. Ni dai ina nan kan bakana: ikilisiyar da ta gina wa gajiyayyu gida ta fi wadda take raba baiko hannu da hannu. Hujjata tana nan Wincesta, kudancin Ingila, a bakin kogin Itchen, wato gidan St Cross. Bishop Henry na Blois, ƙanen Sarki Stephen, ya kafa shi tsakanin 1132 da 1136 domin maza 13 da ƙarfinsu ya ƙare, ya kuma sa a riƙa ciyar da mutum 100 kullum. Na je sujadar safe a majami'arsu, wadda ita ce kuma majami'ar jama'ar unguwar. Na ga tsofaffin sun shigo a hankali, wasu da baƙar riga da gicciyen azurfa a ƙirji, wasu da ja. Shekara kusan 900 ke nan ba a rufe ƙofar ba.

Maman Zumunta: Ɗana, mutum nawa ne a ciki yanzu?

Ɗanku a Ingila: Gurbin mutum 25 ne, Mama.

Maman Zumunta: To ka ji. Kuma duk maza. Ina gwaurayen? Ni da nake shiga gida gida na san matar da ta ɗora tukunyar ruwa a murhu don yara su ɗauka ana girki har barci ya kwashe su. Zan ce mata ta jira mu gama gini? Mutum 100 ɗin nan da ka ambata su ne abin da ya taɓa zuciyata, ba duwatsun ba. Yau ina suke?

Ɗanku a Ingila: Wancan ciyarwar ta wuce. Abin da ya rage, duk matafiyin da ya roƙa a ƙofa za a ba shi guntun burodi da ɗan ƙoƙon giya.

Maman Zumunta: Guntun burodi ba ya raba mutum da yunwa.

Ma'aji: Ku bar ni in sa baki, don ni nake riƙe littafin kuɗi. Ɗan'uwa, ka tsallake wani ɓangare na tarihin. Dukiya mai zama tana jawo hannu. A ƙarni na 14 sai da Bishop William na Wykeham ya yi ta shari'a da shugabannin gidan kan kadarorin da suka karkatar. A 1808 kuma Bishop Brownlow North ya naɗa ɗansa Francis shugaban gidan, ya daɗe yana cin moriyar filayen gidan, har magana ta kai kotu, ya sauka a 1855. Wannan shi ne tsorona. Shinkafar da aka raba ranar Lahadi kowa ya gani da idonsa. Filin da aka ce na gajiyayyu ne, wa zai bi sawunsa bayan mun mutu?

Ɗanku a Ingila: Gaskiya ne, Yaya. Amma me ya sa aka iya ƙwato haƙƙin? Don akwai takardar kafuwa da ta faɗi na wane ne. Kuɗin da aka raba, in an yi son kai wajen rabo, babu kotun da za ta dawo da shi.

Dattijo: Na saurare ku. Abin da na lura, shi Bishop Henry bai zaɓi ɗaya ba: 13 a ciki, 100 a ƙofa. Jajayen rigunan ma daga baya suka zo, da Kadinal Beaufort ya ƙara nasa sashen wajen 1445 domin masu hali da suka faɗa talauci. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wakafi, amma bai hana su sadakar Juma'a ba. Sai dai in dole ne in karkata, ina wajen Mama. Baikonmu bai kai na bishop mai filaye ba.

Ɗanku a Ingila: Baba, ko ɗaki biyu ne a bayan coci?

Maman Zumunta: Ka fara gaya mini wanda zai riƙa kai musu tuwo da dare, sannan mu yi maganar bulo.

Ma'aji: Da kuma wanda zai riƙe takardar filin. Ni ba zan riƙe ta ni kaɗai ba.