Motar haya ta ƙarce: a sanar da inshora ko a yi shiru?

A majalisarmu ta unguwar Mabera a Sakkwato aka kwana biyu ana wannan muhawara. Wani ɗan'uwanmu ya ɗauki motar haya don kai amarya Wurno, a hanyar dawowa Keke Napep ya gogi ƙofar baya, fenti ya ɗaye.

Abin da aka fi jaddada masa shi ne ya fara duba irin inshorar da yake da ita. Yawancinmu ta ɓangare na uku muke yanka, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 15,000 tun Janairun 2023. Ita kuwa ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har naira miliyan 3, ba ta gyara motar da kake tuƙawa. Ko cikakkiyar inshora ce, motar da aka rubuta lambarta a takarda take rufewa, ba ta haya ba. Kenan kamfanin inshorarsa da wuya ya biya ko sisi.

Wasu suka ce ya kai wa mai fenti a ɓoye kafin ya mayar. Ni ban yarda ba, mota amana ce a hannunsa. Wani dattijo ya ce masa: "Ɗana, kira mai motar yau, ka tura masa hoto, ku duba yarjejeniyar hayar tare." Inshorar mai motar ce ke da hurumi, kuma idan gyaran bai kai kason da mai motar zai biya daga aljihunsa kafin kamfanin inshora ya biya ba, gara su daidaita kuɗin, a rubuta, da shaida.

Da an ji wa mai Keken rauni, aka ce, to dole a sanar da 'yan sanda da kamfanin inshorar motar nan take.