Yadda za a karanta labaran gargaɗi kan makomar al'umma

A wata tattaunawa da aka yi kan littattafan gargaɗi game da makomar al'umma, yawancin masu magana sun ce kada a ɗauki irin waɗannan littattafai kamar duba. Da George Orwell ya fitar da littafinsa mai suna 1984 a shekarar 1949, mulkin kama-karya irin na Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, yake hange, wanda ya riga ya gani. Sun ba da shawarar a haɗa shi da Brave New World na Aldous Huxley, na 1932, inda hukuma ba ta bukatar bulala. Ƙwayar soma (maganin sa maye da ake ba mutane a labarin) da shagala sun isa su kashe tunani. Ni kam wannan ya fi tayar min da hankali.

Wani kuma ya ja kunne cewa a riƙa bincikar labaran ƙasar da komai ya daidaita. Ko tsibirin Utopia na Thomas More, na 1516, akwai bayi a cikinsa.